Bishiyar Ƙarfe A Gaban Laburare

Akwai wani mai sana'ar ƙarfe da kowa ke kira Gwani, har sunansa na gaskiya ya kusa ɓacewa. Ba ƙofofi da tagogi yake yi ba. Shi aikinsa ƙera abubuwan ƙawa, irin waɗanda ake kafawa a shataletale ko a gaban manyan gine-gine, mutane su tsaya su ɗauki hoto. Kuma gaskiya ya iya. Matsalarsa ita ce ya san ya iya, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Wata jami'a za ta cika shekara hamsin da kafuwa, sai aka kafa kwamiti ya nemo wanda zai ƙera abin tunawa a filin da ke gaban laburare. Shugabar kwamitin wata Farfesa ce, mace mai tabarau wadda ba ta son a ɓata mata lokaci. Mutum goma sha ɗaya suka kawo zane, na Gwani aka zaɓa. Bishiya ce ta ƙarfe, tsayinta ya kai bene hawa biyu, kowane ganye an yi shi kamar shafin littafi, kuma an kewaye gindinta da benci na siminti don ɗalibai su riƙa zama.

Injiniyan jami'ar ya ce sai an gwada ƙasar wurin kafin a haƙa tushe, kuma gwajin zai ci sati shida. Gwani ya yi dariya a gaban kwamiti.

"Farfesa, na kafa irin wannan guda tara, babu wadda ta ko girgiza. Idan muka jira sati shida, ranar biki fili kawai za ku nuna wa baƙi."

Farfesa ta duba kalanda, ta duba shi. Ta ce in zai sa hannu a takarda cewa tushen a wuyansa yake, to a ci gaba. Ya sa hannu ko karantawa bai yi ba.

Ranar da ake ja layin inda za a haƙa, wani dattijo ya tsayar da kekensa a bakin filin. Shi ne mai gyaran famfunan jami'ar, ya shekara talatin da biyar yana wannan aiki, kowa na ce masa Baba Mai Famfo. Ya ƙaraso da shuɗiyar rigarsa ta aiki, ya yi wa Gwani sallama.

"Ranka ya daɗe, a nan za a kafa ta?"

"A nan."

"Da an matsa da ita can gefe, kamar taku ashirin. Akwai tsohon tankin ruwa a ƙarƙashin nan, na masaukin ɗaliban da aka rushe. Ba a cike shi ba. Murfin siminti aka yi masa, aka zuba ƙasa a kai. Ina nan aka yi."

Gwani ya warware taswirar filin da aka ba shi a ofis, ya miƙa wa dattijon a fuska.

"Ka iya karanta wannan?"

"Ban iya ba."

"To ni na iya, kuma babu tanki a ciki. Baba, famfon banɗakin laburare yana zuba tun safe. Can ake nemanka."

Leburori suka kwashe da dariya. Baba Mai Famfo ya juya. Ya ja kekensa ya tafi.

Da aka yi haƙa har zuwa ƙugu, sai digar leburori ta ci karo da wani abu mai tauri. Suka share ƙasa, suka ce siminti ne. Maganar dattijon ta faɗo wa Gwani a rai, amma leburorin da suka yi dariya ran nan su ne ke tsaye suna kallonsa. Sai ya ce tsohon daɓe ne, an ma rage musu aiki. Ya sa aka zuba kankare a kai.

Saura kwana goma biki aka kafa bishiyar. Jama'a, abin ya yi kyau. In rana ta haska ganyen sai ka ga kamar ana buɗe littattafai a sama. Ɗalibai suka mai da wurin gida, ga masu karatu, ga masu hira, ga masu ɗaukar hoto. Gwani kuwa kullum yana wurin, hannu a baya, yana amsa gaisuwa.

Sai aka yi ruwa kwana biyu a jere.

Ranar da gari ya washe, Gwani yana tsaye yana kallon wata ɗaliba ta ajiye gorar ruwa a kwance a kan bencin. Gorar ta gangara da kanta, a hankali, har ta faɗi ƙasa. Yarinyar ta ɗauka ta sake ajiyewa. Ta sake gangarawa, ta wannan ɓangaren dai.

Shi da kansa ya auna bencin nan ranar da aka yi shi. A daidai yake.

Ya samo tsani, ya ce zai duba fenti. Ya ɗaura wani ƙaton noti a bakin igiya, ya rataye igiyar a reshen ƙasa, ya bar notin ya tsaya cak. Ya yi ɗan ɗigo da alli a inda notin ya nuna, ya kwance igiyarsa ya tafi.

Washegari da safe ya dawo ya sake ratayewa a wuri ɗaya. Notin ya bar ɗigon da faɗin yatsa guda.

Kashegari ya zama yatsa uku. Kuma a bayan benci, inda ciyawa ta rufe, ya ga tsaga a jikin kankaren. Ya zura makullin motarsa, ya shige har ƙarshe.

Daga ranar abinci ya daina wuce masa. A gida, matarsa ta saki murfin tukunya ya faɗi, ya zabura har ya ture kofi. In wayarsa ta yi ƙara sai ya tsaya yana kallonta, yana jin kamar za a ce masa bishiyar ta faɗo. In iska ta ɗan kaɗa labulen falo sai ya tashi ya leƙa sama.

Matarsa ta ce, "Baban yara, lafiya kuwa? Ka koma kamar wanda ake bi."

"Gajiya ce."

"Gajiya ba ta sa mutum ya ji tsoron labule."

Ya koma ya zauna. A ransa yana ta lissafi. Saura kwana huɗu. In bishiyar ta kai ranar biki, bayan an watse sai ya ce za a yi ɗan gyara, ya kewaye wurin, ya tallafe ta babu wanda ya sani. Kwana huɗu ne kawai. In kuwa ya yi magana yanzu, sunan da ya shekara ashirin yana ginawa ya tafi, kuma a bakin mai gyaran famfo.

A ranar Farfesa ta kira shi ofis, ta shimfiɗa masa tsarin zaman baƙi na ranar biki.

"Kujera ɗari uku. Mun sa su ta gabas ɗin laburare, nan ɓangaren, saboda inuwar ginin. Iyalinka suna layin gaba."

Ya kalli inda yatsarta take. Ɓangaren da bishiyar ke karkata ne.

"Farfesa," in ji shi.

Ta ɗago. "Akwai matsala?"

"A'a. Tsarin ya yi."

Ya fito daga ofishin. Ya nufi filin don ya sake dubawa. Tun daga nesa ya hango motar gidansa a bakin hanya. Da ya matso sai ya ga matarsa tsaye tana ɗaukar hoto, ga kuma mahaifiyarsa zaune a kan bencin, sandarta a jingine, ta ɗaga kai tana kallon ganyen ƙarfen.

Tsohuwar tana fama da gwiwa, sai an kama ta take tashi. Kuma a daidai inda tsagar take ta zauna.

Matarsa ta hango shi ta yi murmushi. "Inna ce ta ce ba za ta iya cunkoson ranar biki ba, gara ta zo ta gani a natse."

Gwani bai san lokacin da ya isa wurin ba. Ya kama hannun mahaifiyarsa.

"Inna, tashi mu je."

"Yanzu na zauna, ɗan nan. Bari in huta. Kai ka yi duk wannan?"

"Inna, don Allah tashi."

Ta daina kallon ganye, ta kalle shi. Ya sa hannu ya ɗago ta, ya riƙa janta tana ɗingishi, bai sake ta ba sai da suka kai bakin hanya. Zufa ta jiƙa masa riga.

Tsohuwar ta tsaya tana numfashi. Ta waiwaya ta kalli bishiyar, ta kalli ɗaliban da ke zaune a gindinta, sun fi ashirin, wasu sun baje littattafai, wata tana ta dariya a waya.

"Me ya sa ka tashe ni?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake."

"Tushen bai zauna ba, Inna. Tana karkata."

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana uku."

Matarsa ta rufe baki da hannu. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna ɗaliban da sandarta.

"Ni ka ɗauke saboda ni na haife ka. Waɗancan fa? Daga sama suka faɗo?"

Gwani ya sunkuyar da kai.

"Ba zan shiga motar nan ba sai na ga sun tashi," in ji ta.

Ya koma da gudu. Mutumin da ba ya gaisuwa sai an gaishe shi, yau shi ne yake bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Wasu suka tashi, wasu suka ɗauka wasa ne. Wani ya ce, "Oga, ai kai ka ce mu riƙa zama." Sai da ya yaye ciyawa ya nuna musu tsagar, sannan kowa ya kwashi jakarsa. Ya roƙi masu gadin laburare su tsaya kada kowa ya matso.

Daga nan bai tafi ofishin Farfesa ba. Ya tambayi inda Baba Mai Famfo yake, aka ce yana bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ya same shi a tsugune cikin laka yana ɗaure wani bututu.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Baba, tana karkata. Mun tarar da simintin da ka faɗa, na sa aka zuba a kai. Ban san girman ramin ba, ban san ta ina zai rufta ba. Na ci mutuncinka a gaban mutane, ka yafe mini. Ka zo ka nuna mini."

Dattijon ya ajiye sifana, ya goge hannu a rigarsa.

"Akwai mutane a wurin?"

"Na tashe su."

"To mu je."

Ya ɗauki wani dogon rodi. Da suka isa, ya tsaya ya kalli kusurwar laburare, ya kalli wata tsohuwar fitilar hanya, ya fara taku yana ƙirgawa. Ya tsaya nesa kaɗan da benci, ya soka rodin a ƙasa, ya yi ta dannawa. Rodin ya tsaya, ya danna da ƙarfi, sai kawai ya zurma kusan gaba ɗaya, da kyar ya riƙe bakinsa. Da ya zaro, ƙarshensa a jiƙe yake, baƙi ƙirin.

"Murfin ya fara cinyewa," in ji shi. "Tankin ya fi ɗakin kwana biyu girma. Daga nan ne zuwa can. Rabin tushenka a kan iska yake."

Tare suka shiga ofishin Farfesa. Gwani ya faɗi komai a tsaye, bai rage ko ɗaya ba, har da taswirar da ya miƙa wa dattijo a fuska. Farfesa ta cire tabarau. Ta kalli tsarin zaman da ke kan teburinta.

"Ɗazu na tambaye ka ko akwai matsala."

"Na yi miki ƙarya."

"Kujera ɗari uku," in ji ta a hankali. Ta ɗauki waya.

Kafin la'asar an kewaye filin da igiya da ganguna, an rufe ƙofar gaba ta laburare. Injiniya ya zo ya duba, ya ce babu batun tallafewa, sai dai a sauke ta. Amma motar ƙugiya mai ɗaga kaya masu nauyi ba za ta samu ba sai jibi da safe.

Kwana biyun nan su ne mafi tsawo a rayuwar Gwani. Labari ya bazu, hoton tsagar ya zaga wayoyi, ana ta zaginsa. Ko dubawa bai yi ba. Tun safe yana bakin igiya, shi a wannan gefe, Baba Mai Famfo a wancan, suna korar masu son tsallakawa su ɗauki hoto. Yanzu ba a buƙatar igiyar awo da noti. Duk wanda ya tsaya daga nesa zai ga ta sunkuya. In hadari ya taso, Gwani sai ya kasa ɗauke ido daga kanta.

Ranar da motar ta zo, direban ya so ya ja ta kusa. Baba ya tare shi da hannu biyu.

"Kar ka wuce nan. In tayarka ta hau can, da kai da motar za ku shiga."

Ya nuna masa inda ƙasa take da ƙarfi, aka kafa ƙafafun motar a wurin. Saura a ɗaura sarƙoƙi a jikin bishiyar. Ma'aikatan motar suka kalli juna. Babu wanda ya san inda ƙarfen yake da ƙwari da inda ado ne kawai, kuma babu mai son hawa.

"Ni na ƙera ta," in ji Gwani. "Ni zan hau."

Aka ɗaure shi da bel, aka ɗaga shi a cikin kwandon motar. Daga sama ya hango filin gaba ɗaya, ɗalibai sun yi cincirindo a bayan igiya, shiru kamar babu kowa. Ya ɗaura sarƙa ta farko. Yana ɗaura ta biyu ya ji wani ƙara daga ƙasa, kamar an taka busasshen itace. Bishiyar ta motsa a ƙarƙashin hannunsa. Ganyen suka yi ta kaɗawa suna bugun juna.

Ƙugiyar ta zame sau biyu. Ya ji muryar Baba daga ƙasa, ba da ihu ba.

"A hankali. Saura ɗaya. Kar ka kalli ƙasa."

Ya ɗaura ta uku, ya ɗaga hannu. Aka ja sarƙoƙin suka miƙe, aka sauko da shi. Masu walda suka matso daga ɓangaren da Baba ya nuna musu, suka yanke ƙusoshin gindin ɗaya bayan ɗaya. Suna yanke na ƙarshe suka ja da baya.

Ba a yi minti biyu ba ƙasa ta buɗe. Kankaren tushen ya karye biyu, ya tafi ciki da benci da ciyawa da komai. Baƙin ruwa ya fantsamo sama. Bishiyar ta rage a rataye a jikin sarƙa, tana lilo a kan rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum biyu.

Ramin ya ci har inda aka shirya layi huɗu na kujerun gaba.

Gwani ya zauna a ƙasa inda yake.

An yi bikin a babban ɗakin taro, babu bishiya. Kwamitin bincike ya zauna. Gwani ya ɗauki laifinsa, aka ɗora masa gyaran filin, aka kuma cire shi daga ayyukan jami'ar na shekara uku. Farfesa ma ta tashi a gaban kwamitin ta ce ita ta yarda a tsallake gwajin ƙasa, kada a ɗora masa shi kaɗai. Shi kuwa Baba Mai Famfo, saura wata biyar ya yi ritaya, aka roƙe shi ya zaga da masu safiyo, wato masu auna ƙasa, ya nuna musu duk abin da ya sani a ƙarƙashin ƙasar jami'ar. Sun gano wasu tankuna biyu da babu su a kowace taswira, ɗaya a ƙarƙashin inda motocin ɗalibai ke tsayawa.

Ranar da ake cike ramin, Gwani ya samu dattijon zaune a kan bulo yana kallon tifa na juye ƙasa. Ya zauna kusa da shi.

"Baba, akwai abin da ke damuna. Ranar da na zo wurinka, ko kalma ɗaya ba ka mayar mini ba. Abin da na yi maka bai yi maka zafi ba ne?"

Dattijon ya gyara zama.

"Ya yi. Ran nan ban iya cin abinci ba. Jikokina sun kusa kai wasu daga cikin waɗanda suka yi mini dariya." Ya numfasa. "Amma ni ma ina da nawa. Na san ramin yana nan. Da ka kore ni, ai ofishin injiniya a buɗe yake, na Farfesa a buɗe yake. Sai na yi fushi, na ce tunda ya iya karatu, ya je ya gani. Kullum ina wucewa a keke, ina ganin yara a zaune, ina kau da kai. Daga ranar da ka kore ni, kwana arba'in ban gaya wa kowa ba."

Gwani ya kalle shi.

"Shi ya sa da ka zo ban ce komai ba," in ji Baba. "Da wane baki? Kai kunya ta rufe maka baki, ni fushi ya rufe mini. Da ta faɗo a kan yaran nan, mu biyu za a tambaya."

Tifa ta juye ƙasa ta ƙarshe, ta tafi.

Darasi: Kada ka raina mai ba ka shawara saboda rigarsa ko matsayinsa, domin wani abin da ya sani babu shi a takardarka. In ka gane ka yi kuskuren da zai iya cutar da mutane, ka faɗa tun da sauran lokaci, sunanka bai kai ran mutum ɗaya ba. Kai kuma da aka raina, kada fushi ya sa ka yi shiru a kan haɗarin da ka gani. In an ƙi ji a ƙofa ɗaya, ka buga ta gaba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wanda yake riƙe da irin wannan shirun a yau.